Kafin Mu Ɗauki Gatari

Muna godiya ga shugabannin wannan zaure da suka ba mu filin wannan mako. Da gajeren labari muka yi niyyar zuwa kamar yadda muka saba, sai wata magana ta taso a gidanmu wadda ta hana mu sakat, muka ga gara mu kawo ta gabanku yadda take. A yi haƙuri da tsawonta.

Muna da gona yamma da Batsari, inda in gari ya yi garau ana hango duhun dajin Rugu. Shekara biyar ba wanda ya taka ta a cikinmu. Duk wanda ya fito daga Batsari ko Safana ko Ɗanmusa ko Jibiya ba sai an gaya masa dalili ba. Tun daga kisan manoman 'Yargamji a watan Mayun 2019, wanda har aka ɗauki gawarwakin aka kai Katsina don hukuma ta gani da idonta, zuwa abin da ya faru a Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, gonakin bakin daji suka zama wurin da mutum ke zuwa da ƙafarsa a dawo da shi a amalanke, ko a bugo waya a faɗi kuɗinsa. Muka haƙura da ita, muka koma aron 'yar gayauna kusa da gari.

Da aka ɗan samu sararawa bayan sulhun da aka yi a 2025, sai Baffa ya ce mu je mu dubo ta kafin ruwa ya sauka. Kakanmu, wanda muke kira Baba Tsoho, ya kafe sai an tafi da shi. Aka goya shi a babur.

Mun tafi da zaton za mu tarar da fili fetal irin wanda muka bari. Abin da muka gani ya sa muka yi turus. Gonar ta cika da sabara da kalgo da geza, ga 'yan magarya da aduwa, ga ƙananan gawo goma sha wani abu, wasu har sun fi mu tsayi. Ba wanda ya shuka su, ba wanda ya ba su ruwa. Kututturan da muke sassabewa duk shekara muna cinna musu wuta ne suka samu shekara biyar ba a taɓa su ba, suka miƙe.

Baffa ya dubi gonar ya ce aiki ya same mu. Lissafinsa a fili yake: a sa yara su sassabe duka a ƙone, sannan manyan itatuwa uku da suka rage, gawo biyu da marke ɗaya, a sayar wa masu icce, don tun kafin mu zo sun riga sun yi masa magana. Kada a ga laifinsa. Akwai bashi a wuyansa tun na kuɗin fansar matarsa, kuma masu bashi sun fara yi masa sallama da asuba.

Baba Tsoho ya samu gindin gawo ya zauna, ya ce, "In dai ina lumfashi, ba mai sa ma wanga icce gatari."

"Baba, icce zai biya mini bashi?"

"Shi ya cishe ka tun ba ka san bashi ba."

Mu kuma da rawar kai irin ta 'yan makaranta muka sa baki. Muka shiga kawo zancen sauyin yanayi da gurgusowar hamada, irin wanda muke karantawa a intanet. Baffa ya bari muka kai aya, sannan ya ce, "Ku da aka kai makaranta da kuɗin ƙirya, yau ku ne masu yi mini wa'azin icce?"

Bakinmu ya mutu, don gaskiya ya faɗa. Shekarar da muka samu gurbin karatu a kwalejin kimiyya da fasaha, babu kuɗin rajista a gida. Akwai wata tsohuwar ƙirya a kusurwar gonar nan, wadda Baba Tsoho ya ce tun yana yaro haka ya gan ta. Ita aka sayar wa masu gawayi. Shi da kansa ya ba da izini, amma bai ci tuwon dare ba ranar. Kwana huɗu suka yi suna saranta, suka tone har saiwa. Mun je wurin mun tsaya. Duk kututturan gonar sun yi toho, ita kaɗai ce ba ta dawo ba, sai rami da baƙar ƙasa. Takardar diflomar da ke cikin akwatinmu, da ƙiryar nan aka yi ta.

Maganar Baffa ce ta sa muka zauna muna tambayar kanmu: wai shin a ƙasarmu an taɓa yin masu tsaya wa icce, ko kuwa baƙon abu ne da ya zo da farar mota da riga mai tambari? In ana zancen masu fafutukar kare muhalli, sunayen da muka sani duk na nesa ne. Matan ƙauyukan Indiya da suka riƙa tare itatuwa da jikinsu don hana 'yan katako sara, a gwagwarmayar Chipko da ta fara a 1973. Wangari Maathai ta Kenya da ta tara mata suna dashe tun 1977, har ta samu kyautar Nobel a 2004. Chico Mendes na Brazil, mai tatsar roba, da aka harbe a 1988 saboda dajin Amazon. A gida Najeriya kuma, Ken Saro-Wiwa da mutanen Ogoni. Ko sau ɗaya ba mu taɓa jin an ambaci Ruma ko Runka a wannan jeri ba. Sai muka ɗauki makonni muna zama da Baba Tsoho da tsaransa bayan la'asar, muna haɗa abin da suka faɗa da abin da ke rubuce. Ga abin da muka samo.

Kafin zuwan Turawa, da ma bayan zuwansu da daɗewa, icce a gona dukiya ce mai mai ita. Ana gadon ɗorawa kamar yadda ake gadon saniya, har akan sayar da gona a ce ban da ɗorawar da ke ciki. Kalwarta daddawa ce, garinta shi ke riƙe ciki da bazara. Kaɗanya ta mata ce, da kuɗin man kaɗe ake ƙarasa kayan ɗakin 'ya. Kuka miya ce, tsamiya kunu ce, kanya da ɗinya da magarya su ne alawar yara. Gawo kuwa ya fi kowa gata, saboda halinsa daban yake. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana. Da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na sauran gona, kuma masana sun tabbatar cewa saiwarsa tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da muke saye a buhun takin zamani. A Damagaram har ana ba da labarin sarkin da ya sa hukuncin kisa ga duk wanda ya sare gawo ba izini.

Dubi sunayen wurarenmu ma: 'Yargamji, Ɓaure, Kukar Jangarai, Babban Duhu. Mutanen da ke raɗa wa gari sunan icce sun san darajarsa. Baba Tsoho ya ce a zamaninsu in yaro ya sari ɗorawa ɗanya, ba sai an kai ga mai unguwa ba, tsohuwar da ta fara ganinsa ita za ta ja kunnensa har gaban ubansa. Burtali kuma akan shinge shi da aguwa, kowa ya san iyakarsa, manomi ba ya ci, makiyayi ba ya tsallakewa. Bayan girbi a buɗe gonaki shanu su ci kara su bar taki, har akan ba mai shanu damin hatsi don garkensa ya kwana a gonar mutum. Zamanin ma akwai ɓarna, an sare daji an yi gonaki, an yi rigingimu. Amma icce yana da mai shi, kuma mai shi yana kusa.

Sai Turawa suka zo da nasu tsoron. A 1935 wani masanin gandun daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, bayan ya zagaya wannan yanki, ya yi shelar cewa Sahara na tahowa za ta cinye Arewacin Najeriya. Maganar ta yi ƙarfi har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti da ya bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga hamada tana tafiya da ƙafarta ba. Abin da ya gani shi ne ɓarnar sara da ƙona daji da zaizayar ƙasa a wurare. Maganin da hukuma ta zaɓa shi ne doka. Aka yi sabuwar dokar gandun daji a 1937, En'e ta riƙa keɓe dazuzzuka, aka jera itatuwan da ba a taɓawa sai da takarda, aka sa malaman daji su tsare. Dazukan Ruma da Kukar Jangarai, waɗanda ke cikin abin da muke kira Rugu a dunƙule, suna cikin waɗanda aka keɓe.

Niyyar ba ta da laifi, amma ga yadda ta sauka a gona, a bakin Baba Tsoho: "Icce na cikin gonarka, kai ka yi renonshi, ranar da ka sari reshe don ka yi rumbu sai ga malamin daji da tara. To wa zai yi renon abin da zai ja mashi tara? Da mun ga ɗan gawo ya tsiro sai mu tuge shi tun bai kai a gani ba." Ga kuma garmar shanu da noman gyaɗa da auduga, malaman gona suna koya cewa manomin kirki shi ne wanda ya tumɓuke kututture gonarsa ta yi fes. Nan aka fara raba talaka da icce. Daji ya zama na gwamnati, kuma kowa ya san yadda muke yi da kayan gwamnati.

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, kuma wannan daji namu yana cikin wuraren farko da aka gwada tsarin. Dattawan Runka har yau suna tuna madatsun ruwan da aka gina don shayar da shanu. Sai farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya. Dabbobi suka mutu, mutane suka ƙaru, ƙasa ta gaji. Aka fara yanka gonaki a cikin makiyaya, yawanci ga masu hannu da shuni. Burtali ya riƙa tsukewa har ya zama ba ya ɗaukar garke. Manyan motoci suka riƙa fita da icce zuwa birane dare da rana.

A nan ne, a bakin dattawa, muka tarar da masu fafutukarmu, sai dai ba su da ofis ko tambari. Ardon da ya yi ta safa da marwa zuwa gaban hakimi yana ƙarar an toshe mashaya. Mai garin da ya ƙi sa hannu a yanka hurumi har ya ɓata da na sama. Matan da suka ga tafiyar neman icce ta tashi daga bayan gari ta koma yini guda, suka yi ta yi wa maza gori har aka hana saran ɗanye kusa da gari. Maharban da suka riƙa cewa barewa da gada sun ƙare, a daina sa wuta. Ba wanda ya ɗauki hotonsu, kuma yawancinsu ba su yi nasara ba. Amma sun yi magana a lokacin da magana take da tsada.

Ba za mu ce saran icce ne ya haifi ta'addanci ba, faɗin haka rainin hankali ne ga waɗanda suka rasa 'yan'uwa. Akwai satar shanu, akwai zaluncin da kowane ɓangare ya ɗanɗana, akwai ɗaukar doka a hannu, akwai bindigogin da suka kwararo. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ɗaya daga cikin tsagar ita ce ranar da daji ya zama ba na kowa ba, manomi da makiyayi suka koma kokawa a kan ɗan abin da ya rage.

An yi yunƙurin gyara. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka fara babban shirin dashen itatuwa a arewacin jihar da kuɗin ƙungiyar ƙasashen Turai, wanda mutane suka fi sani da EEC. Aka kafa wuraren renon dashe, aka raba bedi da turare, aka yi jerin itatuwan tare iska, aka shiga makarantu. Baffan nan namu yana firamare a lokacin. Shi da kansa ya taɓa nuna mana bedin da ya dasa a harabar makarantarsu, wanda ya riƙa ɗebo wa ruwa a gwangwani har rani biyu. Yanzu mutum ɗaya ba ya iya rungume shi. Sai a Nuwamban 1995 gwamnatin soja ta rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas a Fatakwal, Turai ta dakatar da tallafin raya ƙasa ga Najeriya, ayyukan da suka dogara da kuɗinta a nan Arewa suka ji a jikinsu. Ashe labarin Ogoni da muke gani kamar na nesa ya taɓo mu har gida.

Tun daga nan ba a daina dashe ba. Duk damina a yi biki, babban baƙo ya dasa ɗaya, a zuba ruwa da buta, a ɗauki hoto. An kawo shirin babbar ganuwar itatuwa ta Afirka, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa. Mu ma mun yi namu. Muna makaranta ƙungiyarmu ta ɗalibai ta dasa guda 200 a gefen hanya, muka sa riguna iri ɗaya, muka watsa hotuna a Facebook. Da muka koma bayan hunturu, 7 muka ƙirga. Awaki ba su san da zancen ba. Ka zagaya Batsari ko Safana ka duba bedin da ya rayu: na ƙofar gida ne, na masallaci, na makaranta, na maƙabarta. Wato wanda ke da mai shi.

Muna cikin wannan bincike sai wani ɗan'uwanmu da ke fatauci ta Jibiya ya ce mu daina neman misali a Indiya, mu tsallaka Magama kawai. Mutanen Maraɗi 'yan'uwanmu ne Katsinawa, harshe ɗaya, gero ɗaya, kuma ruwan samansu bai kai namu ba. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun zama fili, iska tana binne shuka sai an sake sau biyu sau uku. An yi ta dashe yana mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya tsaya rage iskar tayar motarsa don ya wuce yashi, sai ya lura cewa 'yan tsirran da ke warwatse a gonaki tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Abin da ake bukata ke nan shi ne a daina kashe abin da ke fitowa da kansa. Mutanen can suka kira abin sassabin zamani.

Yadda ake yinsa ba wuya. In ka zo sassabe, ka zaɓi kututturen da kake so, ka duba tohonsa, ka bar biyu ko uku ko har biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa zuwa rabin tsayinsu da adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Bayan 'yan watanni ka dawo ka sake gyarawa. Abin da ka cire shi ne iccen girkinka da abincin awakinka. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga danshi, girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba.

Farkon waɗanda suka gwada an yi musu dariya, an ce ƙazaman manoma ne. A yunwar 1984 aka haɗa abin da rabon abinci, mutane da yawa suka bar toho don su samu hatsi, da yunwa ta wuce akasarinsu suka sare. Amma waɗanda suka daure suka ga iska ta rage binne musu shuka, ga icce a kusa, ga abin sayarwa in shekara ta yi gardama. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta yankin Agiye, mutane suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da kansu, da mata da makiyaya a ciki, suka sa dokarsu da tararsu. Hukuma kuma ta sassauta riƙon da ta yi wa iccen gona, har a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya yi reno. Da masu bincike suka auna da hotunan sama, sai suka tarar wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo, itatuwa kimanin miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo kyautar Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da matacciyar ƙasa da ramukan taki. Amma ainihin aikin na talakawa ne masu adda a hannu. Kada kuma a ɗauka icce ya tsare su daga komai, don yankin Madarumfa yana fama da irin masifarmu. Abin da ya ba su shi ne abin jingina a shekarar da hatsi ya gaza.

Da muka karanta wa Baba Tsoho wannan, dariya ya yi. "Kai, 'yan boko! Wannan ai shi ubana ke yi kafin malamin daji. Sai da Bature ya faɗa za ku yarda?"

Akwai abin da ya tsaya mana a rai. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta fitar da dokar matakan tsaro, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni ciki har da na Batsari da Safana, ta kuma hana manyan motoci ɗauko icce daga daji. Abin da dattawa suka daɗe suna roƙo, rana ɗaya aka yi shi, amma saboda bindiga. Tohon da muka tarar a gonarmu ma haka ne, tsoro ne ya yi renonsa. An biya shi da jini da gudun hijira. Shi ya sa muke ganin asara biyu ce a ce mun dawo mun cinna masa wuta a yini ɗaya.

Kuma alama ta fara. Kafin taki ya iso, kafin malamin asibiti ya koma ƙauye, masu gawayi sun iso. Ba ma zargin matar da ke gudun hijira a cikin gari, wadda ɗaurin icce ne abincin 'ya'yanta, ko magidancin da kuɗin gas ya fi ƙarfinsa. Akwai kuma masu cewa a share dajin gaba ɗaya a huta. Mun san zafin da ke sa a faɗi haka. Amma marke bai taɓa ɗaukar bindiga ba, kuma ranar da aka share Rugu, koramu za su cike da yashi, makiyayin kirki ya rasa inda zai kai dabba sai gonar manomi, mu koma gidan jiya.

Ga yadda ta kaya a gidanmu. An sayar da marken. Baba Tsoho bai je gona ba ranar da aka sare shi. Gawo biyu suna nan. Baffa ya yarda a bar toho arba'in, bisa sharaɗin duk wanda ya hana garma wucewa zai cire shi, don haka muka zaɓi na kan iyaka da waɗanda suka yi layi da kunya. Kwana uku muka yi da adda, mu da ƙannenmu, Baba Tsoho yana zaune yana nuni da sanda: bar wancan, cire wannan. Inna ta yayyaga tsohon zanenta muka ɗaɗɗaura. Maƙwabcinmu ya tsaya ya tambaya ko kwalliyar sallah muka yi wa gonar. Bayan sati biyu muka ga tsummoki huɗu a tasa. A cikin satin kuma aka sare mana guda shida da dare, aka tafi da su har da tsumman. Baffa, wanda da shi ne mai cewa a ƙone duka, shi ya fi kowa fushi. Ya ɗauki mai unguwa suka je wajen ardon da shanunsa ke bi ta wurin, aka zauna, aka yi magana ta fahimta: da rani yaransa su sa barandami su rage rassan gawo, amma kada a fille masa kai, su kuma sa ido a kan masu saran dare.

Bashin Baffa bai ƙare ba. Daga ɗan albashin da muke samu a koyarwa mun ɗauki alkawarin ba shi wani abu duk wata. Da muka faɗa masa ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Kuɗin ƙirya ne?" Muka ce eh. Ya ce, "Ba ta biyuwa. Amma ku kawo."

Roƙonmu ga 'yan wannan zaure, musamman mu marubuta. Mun iya zaunar da saurayi da budurwa a ƙarƙashin bishiyar da ba mu san sunanta ba. Tsofaffin da suka san tarihin burtali, da wanda ya hana da wanda ya sayar, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, wasu a gidajen aro na gudun hijira. Kowa ya ɗauki wayarsa ya zauna da kakansa ko kakarsa ya tambaya: wane icce ne a gonarmu da, wa ya sare, wa ya hana? A rubuta, da sunayen itatuwan da Hausa da Fulatanci. Wanda danginsa ke komawa gona, ya roƙe su kafin a cinna wuta a zagaya a zaɓi ko goma ne. Masu kusanci da hakimai da kansiloli su tayar da maganar da ta fi kowace muhimmanci: a fito a faɗa a fili, a rubuce, cewa iccen da manomi ya yi reno a gonarsa nasa ne, ya rage ya sayar ba tara, a kuma zauna da makiyaya a sake fitar da burtali tun ana ɗasawa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Tasawa da ke cikinmu, ku gyara mana inda muka kuskure, ku kuma faɗa mana yadda kuke yi da ɓarayin toho.

Ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa. Makon jiya Baba Tsoho ya ciro 'ya'yan ƙirya daga aljihu, ya ce mu jiƙa su a ruwan zafi su kwana, mu kai ramin nan mu binne, mu rufe da ƙaya. Muka tambaye shi shekara nawa za ta yi kafin ta kai waccan. Ya ce mu tambayi jikokinmu.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya dawo da waɗanda ke hannu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun ji daga gare ku.